Me ya sa manyan kamfanonin gem suka kasa ba mu tsoro?

Yau bari mu ɗan huta da zancen siyasa da tsadar rayuwa. Jiya da daddare ɗana ya kira ni, wai Baba zo ka ga abin tsoro. Na zo ina murmushi, ni da na fara buga Resident Evil tun zamanin PlayStation ta farko. Wallahi ban kai minti ashirin a zaune ba na ce ya kunna fitila. Gem ɗin shi ne Five Nights at Freddy's, wanda wani Ba'amurke, Scott Cawthon, ya yi shi kaɗai a 2014. Kai mai gadin dare ne a ɗan ofis, kana duba kyamarori, caji yana ta raguwa, in ya ƙare ƙofofi su buɗe. Mu da muka san ciwon mutuwar caji ba sai an yi mana bayani ba.

Na kwana ina tunanin yadda mutum ɗaya ya yi abin da kamfani mai ɗaruruwan ma'aikata yake shan wahala a kai. Ni dai a ganina kuɗin ne da kansa matsalar.

Tsoro yana son abu biyu: ka zama mai rauni, kuma kada ka ga komai sarai. Ku tuna dodon tatsuniya. Kaka ba ta taɓa zana mana shi ba, kowa shi ya ƙera nasa a ka, shi ya sa fita fitsari da dare yake gagara. Haka Resident Evil na 1996 yake. Harsashi ƙidayayye ne, kyamara a kafe take ba ka ganin abin da ke bayan kwana, ko ajiye inda ka kai sai ka samo ribon na tafireta. Shi kuwa Silent Hill na 1999, hazon da ya lulluɓe garin asalinsa dabara ce, saboda na'urar ba ta iya zana nesa. Rashin ƙarfin na'ura ya zama makaminsu mafi kaifi.

To shi babban kamfani, in ya biya masu zane watanni suna ƙera dodo, jijiya da haƙori da yawu, ya za ka ce masa ya ɓoye shi a duhu? Dole ya haska masa fitila, ya sa shi a talla, ya nuna maka shi sau hamsin. Hausawa kuwa sun ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum.

Na biyu shi ne lissafin ciniki. In ka kashe miliyoyin daloli, dole ka sayar wa kowa, har da wanda ba ya son tsoro. Dead Space na 2008 ya firgita mutane ƙwarai: kai kaɗai a cikin jirgin sararin samaniya da ya zama kufai. Kafin fitowar na uku a 2013, wani babba a kamfanin EA, Frank Gibeau, ya fito ya ce irin wannan gem yana buƙatar masu saye kusan miliyan biyar kafin a ci gaba da zuba masa kuɗi. Sai aka ƙara harbe-harbe, aka ba da damar bugawa da aboki, aka sa sayen kaya da kuɗin gaske a ciki. Wane tsoro ya rage in abokinka yana gefe yana ba ka dariya? A 2017 EA ta rufe Visceral, reshen da ya yi gem ɗin.

Capcom ma ta bi wannan hanya. Kafin a kai Resident Evil 6 a 2012, abin ya koma fim ɗin yaƙi, fashe-fashe da tseren mota. Sun farga sun dawo gida a na bakwai a 2017, ruɓaɓɓen gida ɗaya a jihar Louisiana da iyali ɗaya mahaukata. Amma da za a fitar da Village a 2021, furodusan, Tsuyoshi Kanda, ya faɗa cewa wasu sun koka na bakwai ya fi ƙarfinsu, don haka aka sassauta. Ku ji fa, an yi gem ɗin tsoro ya ba da tsoro, sai aka lissafa shi a matsayin ƙorafi.

Wannan ya tuna mini da aikinmu na ofis. Ka rubuta takarda mai kaifi, ta bi teburi bakwai, kowa ya cire layin da zai iya jawo masa tambaya. Kafin ta kai sama babu wanda za ta ɓata wa rai, kuma babu abin da za ta gyara. Haka gem yake in ya bi ta hannun masu gwaji da 'yan talla da masu hannun jari. Nan ɗan wasa ya ɓata, a sa masa kibiya. Nan ya mutu sau uku, a ƙara masa harsashi. Dambu in ya yi yawa ba ya jin mai.

Ƙananan kuwa ba su da wannan ɗaurin. Frictional Games na Suwidin, 'yan tsiraru ne lokacin da suka yi Amnesia a 2010, suka hana ka makami gaba ɗaya, sai gudu da ɓuya. Red Barrels na Kanada, waɗanda suka baro manyan kamfanoni irin su Ubisoft, suka yi Outlast a 2013, kyamara kawai a hannunka da batir mai ƙarewa. In mutum dubu ɗari kaɗan suka saya sun ci riba, saboda haka ba su damu da wanda ya tsorata ya kashe gem ɗin ba.

Na san wani zai ce to Alien: Isolation fa? Gaskiya ne, da kuɗin Sega aka yi shi a 2014, kuma ya ba da tsoro na gaske. Amma ya sayar da fiye da miliyan biyu, Sega ta ce cinikin bai gamsar ba. Haka P.T. na Konami, siririn lungu ɗaya a cikin gida kana ta zagaye, har yau ana zancensa, amma a 2015 aka soke babban gem ɗin da yake wa share fage. Sabon Silent Hill 2 na 2024 ma ya yi kyau, sai dai tsohon zance aka sabunta, wanda kasuwa ta riga ta amince da shi. Wato gwanintar tana nan. Ƙarfin halin zuba kuɗi a sabon abu ne ya yi ƙaranci. Ga The Callisto Protocol na 2022, wanda rahotanni suka ce ya ci kusan dala miliyan 160: zane kamar ka taɓa, jini ko'ina, amma akasari dambe ne da dodanni, kuma bai kai cinikin da aka sa masa rai ba.

Shi ya sa na daina barin talla ta ja ni. Da kuɗin babban gem ɗaya sai ka sayi ƙanana da yawa, kuma a wannan marra ba a wasa da canjin dala. Duk wanda ya fi tsoron asara ba zai iya tsorata ka ba.

Ku da kuka taso a gidajen gem, wane ne ya taɓa hana ku barci? Ni dai har yau ban yafe wa karnukan nan da suka faso taga a Resident Evil na farko ba.