A Gida Ake Fara Shaidar Gwani

Sau da yawa mukan ji ana cewa mai shirya fim bai cika gwani ba sai Turawa sun tafa masa. A nawa ra'ayin wannan magana ba ta da tushe, domin tarihin sinima a Afirka ta Yamma ya nuna cewa a gida ake fara shaidar gwani, sa'an nan na nesa su ji labari.

Mu dubi bikin fina-finai na Wagadugu, watau FESPACO, wanda aka fara a 1969 a ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Da aka soma ba da babbar kyautarsa a 1972, wanda ya fara ɗaukarta maƙwabcinmu ne, Umaru Ganda na Nijar, tsohon soja wanda ya taɓa yin dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan. Fim ɗin nasa kuwa a kan auren mata da yawa ne. Ya rasu a 1981, aka kuma sa wa wata kyautar bikin sunansa. Haka nan Sulaimanu Sise na Mali ya ci babbar kyautar a 1979 da 1983, kafin birnin Kan na Faransa ya karrama shi a 1987. Shi ma Idirisa Wedirawogo da ɗan gajeren fim ya fara cin kyauta a Wagadugu a 1981, sa'an nan a 1990 ya karɓo kyauta mai daraja a Kan.

To, mene ne ruwanmu da wannan, mu ɗaliban Hausa? Ga dalili. A 1987 fim ɗin da ya ci babbar kyautar Wagadugu labarin Sarauniya Mangu ta Lugu ne, wadda ta yi yaƙi da sojan Faransa a 1899. Labarin na ƙasar Hausa ne, amma Med Hondo, mutumin Muritaniya, shi ya shirya shi, a Burkina Faso kuma aka ɗauke shi. Ba laifinsa ba ne. Mu ne muka bar kayanmu a bakin hanya.

Ni da na tashi a Warra na san akwai wani labarin da ke jiran mai ɗauka. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafki ya cinye tsibirai da gonaki da kushewun kakanni, ya haɗiye tsohon garin Busa, aka sauya wa mutum fiye da 40,000 matsuguni. Gungawa da Kambari da Sarkawa na ƙasar Yawuri da Ngaski suna cikin waɗanda abin ya shafa. Wanda yake saurayi a lokacin yau ya haura shekara 70. Duk dattijon da aka binne, da labarinsa aka binne shi.

Saboda haka shawarata ita ce a kafa ɗan ƙaramin bikin fina-finai a bakin tafkin nan, a haɗa shi da bikin Rigata na Yawuri, inda dama jama'a ke taruwa kallon tseren jirage. Da rana a yi wasan ruwa, da dare a kafa majigi a nuna gajerun fina-finan da samarin yankin suka ɗauka, ko da wayar hannu ce, a kuma ba da kyauta.

Wani zai ce ina kuɗi, ina gwanaye? Ai shi ma bikin Wagadugu da nuni na 'yan kwanaki ya fara, ba gasa, ba kyauta. Gwani kuwa ba ya bayyana sai ya sami fage. Wani kuma zai ce a bar wa masana'antar Kano. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗan masunci ya fi baƙo sanin abin da ruwa ya ci.

Daga ƙarshe ina roƙon malamanmu su yarda ɗalibi ya gabatar da fim na tarihin baka tare da kundinsa na kammala digiri. Mu kuma, 'yan'uwa ɗalibai, hutu mai zuwa mu zauna gaban dattawa tun suna da rai. Allah Ya sa mu dace.