Waiwaye: Shekarar da Aka Ce a Koma Dutse

Ranar 27 ga Agusta, 1991, Janar Ibrahim Babangida ya sanar da ƙirƙiro sababbin jihohi, ciki har da Jigawa da aka yanko daga Kano, aka ce Dutse ce hedikwata. An sha murna. Da ƙura ta lafa sai lissafi ya shiga gidaje. Ma'aikatan gwamnati 'yan asalin Haɗeja, Gumel, Kazaure, Ringim, Birnin Kudu da Jahun, waɗanda suka yi shekara da shekaru suna aiki a Kano, aka ce kowa ya tattara ya koma sabuwar jiha. Dutsen wancan lokaci kuwa hedikwatar ƙaramar hukuma ce kawai: ga Garu, tsohon mazaunin sarauta, ga duwatsu, ga itatuwan dabino, amma gidan haya sai an sha wuya.

Magidanci ya kwashe iyali ne, ko ya bar su a Kano? Ya cire yara daga makarantar da suka saba? Gidan da ya gina da gumin goshi fa, ya sayar ko ya zuba 'yan haya? Da yawa sun zaɓi jeka-ka-dawo ta hanyar Wudil, wasu kullum, wasu su tafi Litinin su dawo ƙarshen mako, aka yi shekaru a haka. Wasu kuma suka rufe ido suka tare gaba ɗaya.

Babu malamin da zai ce wa mutum tarewa wajibi ce ko zama haramun ne. Duka biyun halal ne, kuma a irin wannan gurbi aka ajiye istihara. Abin da shari'a ta riga ta yanke ba a yi masa istihara; ba wanda zai yi raka'a biyu don ya ji ko ya karɓi cin hanci. Bukhari ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana koya wa sahabbai istihara a dukkan al'amura kamar yadda yake koya musu surar Alƙur'ani. Nafila ce raka'a biyu, sai addu'ar da bawa ke amsa cewa iliminsa gajere ne, ya roƙi a sauƙaƙa masa abin in alheri ne ga addininsa da rayuwarsa da ƙarshensa, a raba shi da shi in sharri ne, sannan a sa zuciyarsa ta yarda da abin da aka zaɓa masa. Wannan roƙo na ƙarshe shi ne mafi nauyi, kuma shi muka fi saurin wucewa.

Abin da ke damuna shi ne yadda muka ƙuntata wannan ibada. Ba ma tuna ta sai zancen aure ya taso. In mun tuna kuma, sai mu kai wa wani sadaka ya yi mana, mu koma gida mu kwanta jiran mafarki, a ce fari alheri ne, baƙi a janye. Hadisin Jabir bai ambaci mafarki ba, bai kuma ce a ba wani kwangilar addu'ar ba. Mafi muni, akwai masu bugun ƙasa da duba da suka ari sunan istihara suka lulluɓe sana'arsu da shi, suna raba masoya da 'yan'uwa da sunan an gani.

Sai shawara, wadda maza musamman muke yi wa rowa. A shekara ta 3 bayan hijira, gab da yaƙin Uhudu, Annabi ya nemi ra'ayin sahabbai. Shi ya fi son a tsaya cikin Madina, masu rinjaye suka ce a fita, aka fita. Musulmi suka rasa mutum kusan 70, har da Hamza. Duk da haka, ayar da ke cikin Suratu Ali Imrana, wadda ta sauka kan wannan yaƙi, umartarsa ta yi ya ci gaba da shawartar su, in ya ƙudura kuma ya dogara ga Allah. Ashe ɗacin sakamako bai nuna cewa hanyar da aka bi kuskure ce ba. Na san gidajen da a 1991 uwargida ba ta ji labarin ƙaura ba sai da mota ta tsaya a ƙofar gida, alhali ita za ta nemi ruwa da makarantar yara a sabon wuri. Maigidan da ya yi haka, ko ya raya dare da nafila, ya bar rabin aikin.

Manomin dabino a Dutse ya san haɗa ƙoƙari da dogaro ga Allah a aikace. In ka shuka ƙwallo, sai ka yi shekaru kana ban ruwa kafin fure ya nuna maka namiji ne ko mace, kuma namiji ba ya 'ya'ya. Mai lura yakan nemi tsiron da ya fito a gindin uwar da aka san daɗinta, ya dasa, lokacin fure ya hau ya sa furen namiji cikin na mace da hannunsa. Bayan duk wannan, iska da ƙwari da tsawon rai ba a hannunsa suke ba, ya kuma san haka tun ranar da ya haƙa ramin.

Dutse ta canza. Daga 2007, zamanin Gwamna Sule Lamiɗo, tituna da gidaje suka yawaita, aka gina filin jirgin sama, Jami'ar Tarayya ta zo a 2011, fili ya yi tsada. Yanzu za ka ji ana cewa waɗanda suka tare da wuri su ne istihararsu ta yi kyau, don fulotin da suka saya da araha ya zama dukiya. Ban yarda da wannan awo ba. Na san dattijon da ya yi shekaru yana bin hanyar Wudil saboda mahaifiyarsa tsohuwa ba za ta iya barin ɗakinta da asibitin da ta saba ba. Bai mallaki ko taku ɗaya a Dutse ba har ya yi ritaya, amma a hannunsa ta cika. Wa zai ce ba a zaɓa masa alheri ba? Addu'ar ta sa addini a gaba, sannan rayuwa, sannan ƙarshen al'amari, mu kuwa da farashin fili muke aunawa.

'Ya'yan waɗancan ma'aikata su ne magidanta a yau, tambayoyinsu kuma ba su fi na iyayensu sauƙi ba. Wani ya samu aiki a Abuja, mahaifinsa na kwance a Kiyawa. Wata ta samu gurbi a jami'a, ga kuma mai neman aure yana gaggawa. Manomi ya casa riɗi, yana tunanin ya kai kasuwar Shuwarin yanzu ya biya bashin taki, ko ya ajiye sai ya yi daraja. Shi ma wannan manomi hadisin Jabir ya shafe shi: ya tambayi waɗanda suka san kasuwa, ya ji ta bakin matarsa da mai bin sa bashi, ya yi raka'a biyunsa da kansa, gari na wayewa ya ɗora buhunan a mota ko ya mayar da su ɗaki.