Hutun Disamba a Yamai: baƙon da ba shi da mota da me zai yi yawo?



Duk ƙarshen Disamba in an ba yara hutun lakwal, za ka ga iyaye a bakin gudron da asuba, an naɗe yara cikin bargo saboda hunturu, ana jiran kar ɗin da ya taso daga Tawa. Wasu za su gaida dangi ne, wasu kuma sun haɗa hutun da ganin likita. A bara ni ma na bi sahu: ni da maiɗakina da yara uku.

Tafiyar kanta ba ni da ƙorafi a kai. Ka yanki tike, ka san kujerarka, ka san kuɗinka. Tsarnawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, sai ga ka a Yamai. Wahalar tana farawa ne daga inda aka sauke ka.

Yayana a Harobanda yake zaune, ƙetaren kogin Kwara, can wajen jami'ar Abdou Moumouni. Muka tsaya bakin hanya da kaya, iska na kaɗawa, ƙura ta rufe gari. A Yamai ba kai ke zaɓen taksi ba, taksi ke zaɓen ka. Zai rage gudu, ka faɗi unguwa, in ba ta kan hanyarsa ko kallonka ba zai sake yi ba. Mota bakwai na ƙirga. Na takwas ya tsaya ya ce: "Ku biyar? Ƙetare? Kwas biyu-biyu na, in kun yarda ku hau." Na ce har da ƙaramin da ke kan cinya? Ya ce, "Alhaji, ai shi ma mutum na." Muka hau, ya za mu yi.

Ku yi lissafi da ni. Kwas ɗaya da muka sani dala arba'in ne. Mutum biyar, kwas biyu kowa, zuwa da dawowa, jika huɗu ke nan a wuni guda. Ranar da na kai yara gidan tarihi na Boubou Hama su ga zaki da dorina, kuɗin taksi ya fi kuɗin shiga da na abinci in an haɗa. Manomin da ya sayar da akuya a kasuwarmu ta Alhamis don ya kawo mara lafiya asibiti, kwana nawa zai yi a haka?

Ban ce laifin masu taksi ba ne. Yawancinsu motar ba tasu ba ce, da dare sai sun kai wa mai ita kuɗinsa. Ko da aka rage litar fetur zuwa sefa 499 a 2024, taya da kayan gyara ba su sauko ba. Ga cunkoso a gadar Kennedy safe da yamma, wanda ya shiga ya san ya yi asarar fasinja.

Akwai faba-faba, ƙananan bas ɗin nan da ke bin unguwannin gefen gari, kuma sun fi sauƙin kuɗi. Amma baƙo bai san inda suke tsayawa ba, babu allo, babu lamba, sai yaron mota na kiran sunan unguwa da sauri, rabi da Zabarmanci. Sai da ɗan yayana ya raka mu kwana biyu kafin na gane wacce ke zuwa ina. Kabu-kabu kuwa da muka saba da shi a Ƙonni da Tawa, ba zai ɗauki iyali da jaka ba, balle a cikin wannan sanyi.

Ga inda ra'ayina yake. Tun ƙidayar 2012 mutanen Yamai sun haura miliyan ɗaya. An gina gada ta biyu a 2011, an ƙara ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché, an yi gadojin sama irin su Mali Béro da Diori Hamani. Madalla, gari ya yi kyau. Sai dai duk waɗannan mai mota suka fi yi wa amfani. Har jirgin ƙasa aka ƙaddamar tsakanin Yamai da Doso a 2016, ga dogon nan kwance, ba wanda ke hawa. Da kaso kaɗan na irin wannan kuɗi aka zuba wa manyan bas na cikin gari, da talaka ya shaida. Kamfanin SOTRUNI yana nan, amma kowa ya san motocinsa ba su ishi garin ba.

Wani zai ce mu mutanen Adar ina ruwanmu da sufurin Yamai, mu ji da hanyoyinmu na karkara. Gaskiya ne, hanyoyinmu na bukatar gyara. Amma manyan asibitoci can suke, ofisoshin ministoci can suke, 'ya'yanmu ɗalibai da 'yan cin rani can suke taka ƙasa daga Katako zuwa Wadata don su tsira da dala arba'in. Babban birni na kowa ne.

Abin da nake roƙon hukumomin birnin ba mai yawa ba ne: layuka sanannu masu lamba, daga tasoshin kar zuwa Babban Asibiti, Babbar Kasuwa da Harobanda, da allo a kowace matsaya da Faransanci, Hausa da Zabarmanci, da kuɗi guda da aka rubuta a jikin mota. Wakilanmu na jihar Tawa da ke da kunnen manya su ɗauki wannan magana.

Kafin nan, duk mai niyyar kai iyali bana, ya kira ɗan'uwansa ya tare shi a tasha, ya riƙe canji a aljihu, kuma ya daidaita kuɗi da direba kafin yara su shiga mota. Rigunan sanyi kuma kada a saka su ƙasan jaka, iskar bakin kogi da asuba ba ta da sauƙi.