Idan hoton mama ya ce lafiya lau

A bara wata 'yar'uwata ta dawo daga asibiti da takardar sakamakon hoton mama, wato mamogaram, tana murna an ce ba a ga komai ba. Ba a cika shekara ba ta ji wani ƙullutu a gefen hagu. Tambayar da ta yi mini ita ce ta sa na ɗauki alƙalami a wannan mako: "Yaya, ashe na'ura ma tana kuskure?"

Ba kuskure ba ne, iyaka ce. Maman mace ya ƙunshi kitse, da naman da ke samar da nono, da zaruruwan da ke riƙe su. A hoton mamogaram kitse yakan fito baƙi-baƙi, sauran biyun su fito fari. Abin takaici, ƙullutun sankara shi ma fari yake fitowa. Saboda haka idan naman ya rinjayi kitsen, aikin likita ya zama neman farin zare cikin tarin auduga. Likitoci sun kasa wannan cunkoson nama gida huɗu, daga A zuwa D; rukunin C da D su ne masu cunkoso, kuma a Amurka kusan rabin matan da suka haura shekara 40 suna ciki. Ba a gane shi da taɓawa ko da girman mama, sai a hoto. Banda ɓoye cuta, shi kansa yana ƙara haɗarin kamuwa da ita.

Wata Ba'amurkiya, Nancy Cappello, an gano mata sankara da ta yi nisa a 2004, makonni kaɗan bayan hotonta ya fito lafiya. Fafutukarta ta sa jihar Konetikat ta kafa doka a 2009, kuma tun daga Satumba 2024 wajibi ne a duk faɗin Amurka a sanar da mace ko mamanta mai cunkoso ne. A ƙasar Holan, wani babban bincike da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa ƙara hoton MRI ga masu cunkoso mai tsanani ya rage da rabi yawan sankarar da ke ɓulla tsakanin gwaji da gwaji.

Sai dai kowane zaɓi da farashinsa. MRI yana da tsada, kuma shi da sikanin sukan nuna abin da daga baya za a tarar ba sankara ba ne, bayan an sha fargaba, an yanki nama don gwaji.

A wurinmu, inda sankarar mama ta fi kowace sankara kama mata kuma da yawa ba sa zuwa asibiti sai ta yi nisa, darasin a bayyane yake. Wadda ta kai 40 ta nemi mamogaram, domin cunkoso ba hujjar guje masa ba ne. Idan sakamako ya fito, ta tambayi rukuninta, ta faɗa wa likita idan cutar ta taɓa mahaifiyarta ko 'yar'uwarta, su duba ko akwai buƙatar sikanin. Wadda kuwa ta ji ƙullutu, ko ta ga jini daga kan nono, kada tsohuwar takarda ta ruɗe ta.

An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A wannan magana ban yarda ba. Kuɗin mota da na gwaji galibi a hannunmu maza suke, don haka jinkirin ma sau da yawa namu ne.