A bar wa fure da masarar gugguru wuri a garka

Tun bayan farin 1984 noman rani ya bazu a ƙasarmu. Yau da wuya a ga gari mai fadama ko rijiya mai ruwa kusa wanda ba shi da garka. Muna shuka albasa, tumatir, salati, shu da tonka. Amma in mutum ya shuka fure a bakin fangalinsa, sai a yi masa dariya, a ce ya ɓata ruwa a kan abin da ba a ci. Mu ba mu yarda da wannan magana ba.

Kabewa da kankana da guna ba su yin ƴaƴa sai ƙwaro ya ɗauki garin fure namiji ya kai wa fure mace. Mai wannan aiki shi ne ƙudan zuma da ƴan uwansa. Masu fid da irin albasa a Galmi sun san haka: in ƙwari ba su sauka bisa farin furen albasa ba, iri ba ya cika. To, fure shi ke kiran waɗannan ma'aikata da ba a biyan su ko dala.

A nan ne launi yake da amfani. Masana sun gano ƙudan zuma yana ganin shuɗi da rawaya da fari sosai, amma ja ba ya ɗaukar idonsa. Malam-buɗe-littafi kuwa yana son ja da ruwan hoda. Saboda haka kada mu watsa iri barkatai. Mu haɗa launi biyu, kamar yadda mace ke zaɓen kallabin da ya dace da zanenta, ko mai saƙar faifai ke jera kaba ja kusa da fara. Rawaya tana fita kusa da shuɗi ko ruwan albasa. Ja yana kyau kusa da fari. Ja da ruwan goro wuri ɗaya suna gajiyar da ido, sai an raba su da fari ko da tsanwan ganye. A shuka kowane launi dunƙule, kamar tushe 5 ko 6 wuri ɗaya, don ƙwaro ya hango shi daga nesa. Masu tsawo su tsaya baya, gajeru gaba.

Ba sai an je birni neman iri ba. Zogale yana da farin fure, furen riɗi fari ne mai ɗan ruwan hoda, na kuɓewa rawaya ne da jan ciki. Duka ana cin su, kuma suna ƙawata wuri. Wanda ya samu hali ya tambayi malaman gona irin furen da ake kira oeillet d'Inde da Faransanci. Rawaya ne ko ruwan goro, ganyensa yana da wari. Saiwarsa tana rage ƙananan tsutsotsin nan da ido ba ya gani, masu sa saiwar tumatir ta yi ƙulle-ƙulle. Sai dai tushe biyu a bakin fangali ba su isa wannan aiki. Sai an cika fangalin da ya kamu da shi, ya yi kamar wata 2, kana a mayar da tumatir.

Ba kowane fure ne aboki ba. Zaƙami yana da farin fure mai kyau, amma guba ne. Haka itacen ado mai dogon ganye da ake kira laurier-rose: ganyensa yana kashe akuya, yana cutar da yaro. Kada su shiga garka ko tsakar gida.

Bayan jerin fure kuma, wajen da iska ke bugowa, mu sa layi 3 ko 4 na masarar gugguru. Tana kare ƙananan shuke-shuke, tana ba yara abin taɓawa. Dubi kuɗin da ke fita gida kullum wajen sayen alawa da biskit, abin da ke cin haƙori ba ya ƙosarwa. Gugguru ƙwaya ce cikakka da dusarta, tana taimakon ciki.

Ba kowace masara ke fashewa ba, sai mai ƙananan ƙwayoyi masu tauri da sheƙi. Cikin kowace ƙwaya akwai ɗan ruwa, kamar kashi 14 cikin 100. In zafi ya kai wajen digiri 180, ruwan ya zama tururi, ya rasa hanyar fita, sai ƙwayar ta fashe. Shi ya sa masarar da ta sha iskar bazara a buɗe take ƙin tashi. A adana ta cikin kwalba mai marfi. In ta riga ta bushe ƙwarai, a zuba cokali 1 na ruwa cikin kwalbar lita 1, a girgiza, a rufe kwana 3.

Yin sa ba wuya. A aza tukunya mai kauri, a zuba cokali 2 na man gyaɗa, a jefa ƙwaya 3. In sun fashe, a zuba cikin kofin shayi 1, a rufe, a riƙa girgizawa. Da ƙarar ta ragu a sauke, don kada ya ƙone. Gishiri kaɗan ya isa, balle ga mai hawan jini. Wasu irin dawa ma suna fashewa, ko da yake nasu ƙanana ne.

Ƙwayar da ta yi funfuna a zubar da ita, domin wuta ba ta kashe gubarta, kuma gubar tana lalata hanta. Yaron da bai kai shekara 4 ba kada a ba shi gugguru, yana iya shaƙe shi. Manyan yara su ci a zaune, a tsince musu ƙwayoyin da ba su fashe ba.