Fuskar mace a Lyon da hukuncin da 'yan Nazi suka yanke wa zane

A gidan adana zane-zane na birnin Lyon da ke Faransa akwai wani ƙaramin hoto na fuskar mace mai manyan idanu, wadda aka shafe da ja da rawaya da shuɗi. Alexej von Jawlensky, ɗan asalin Rasha da ya zauna a Jamus, shi ya zana shi a 1923, ya kuma laƙaba masa sunan Medusa, matar da tatsuniyar Girkawa ta ce kallonta kan mayar da mutum dutse.

Hoton bai damu da kamanni ba. Jawlensky na cikin masu salon da ke fifita abin da ke cikin rai a kan abin da ido ke gani. A Paris ya baje ayyukansa a 1905, shekarar da Henri Matisse da abokansa suka girgiza birnin da launuka masu zafi, sannan ya haɗa wannan da tsarin hotunan ibada na cocin Rasha.

Irin wannan zane ya sake jan hankali a 2025, lokacin da gidan tarihin Picasso na Paris ya shirya baje koli kan abin da 'yan Nazi suka kira gurɓataccen zane. A 1937 gwamnatin Hitler ta jera ayyuka fiye da 600 a Munich domin jama'a su yi musu ba'a, kuma kimanin mutum miliyan biyu suka je kallo. Cikin laifuffukan da aka ɗora wa masu zanen har da koyi da sassaƙen Afirka. An hana Jawlensky baje ayyukansa, aka kwashe fiye da 70 daga gidajen tarihin Jamus. Ya mutu a 1941, bayan ciwon gaɓoɓi ya raba shi da zane.

Maganar ba ta tsaya ga tarihi ba. A 2023 Faransa ta kafa dokar da ta sauƙaƙa mayar da kayan da aka ƙwace daga hannun Yahudawa tsakanin 1933 da 1945, abin da ya ƙara matsa wa gidajen tarihi lamba su binciki asalin abin da suka mallaka. Sai dai ko an mayar da hoto ga magada, shekarun da aka hana mai zane aiki ba sa dawowa. Shi ya sa duk lokacin da wata hukuma ta ɗauki ikon tantance zanen da ya halatta, akan tuna da Munich.