Lambar Soja Ba Ta Ɓata

Duk ranar 15 ga Janairu manya sukan hallara a Abuja, a ajiye furanni, a saki tattabaru, a ce an tuna da 'yan mazan jiya. Mu dai a Shinaka ba mu taɓa ganin tattabara ta kawo wa matar soja mudun gero ba.

A Disambar 2024 tsofaffin sojoji suka tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya a kan haƙƙinsu. Waɗannan su ne masu kuɗin motar zuwa Abuja. Wadda ta fita takaba a ƙauyen Goronyo ko Rabah, da marayu a gabanta, ƙofar wa za ta tare? Sai a ce ta kawo takarda kaza, ta dawo wata mai zuwa, ana tantancewa.

Mu da rubuta manhajar kwamfuta ce sana'armu, kada a raina mana hankali. Kowane soja yana da lamba, da hoto, da sunan magajinsa a rubuce tun ranar da aka ɗauke shi. Fito da wannan bayani bai kai ƙiftawar ido ba. Ranar da za a tura shi dajin gabashin Sakkwato ya fuskanci yaran Bello Turji, ai ba a nemi lambar an rasa ba.

Hukumar fanshon sojoji ce ya kamata ta nemo matar, ta iske ta har gida. Idan kuma aka ce ta wayar salula za a tantance ta, a tuna a 2021 gwamnati da kanta ta katse mana layin waya, aka bar mu muna tafiya wani gari neman sabis.